Labarina da 'yar farina lokacin da ta shiga makarantar kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye, musamman mata irina. Tunda aka fara maganar komawa makaranta nake ta ganin iyaye a kasuwa da takarda a hannu ana cinikin akwati da bokiti da katifa, shine nace bari na zauna na rubuta abin da na gani da idona lokacin da 'yata ta shiga SS1 a makarantar kwana, ko Allah zai sa wata uwar ta amfana. Ni ba malama bace, sakandaren ma ban yi ba, ɗinki nake yi a cikin gida a nan Kano, maigidana kuma tebur gareshi a Kantin Kwari yana saida yadi.

Na gama firamare a 2000, na ci jarrabawar shiga sakandare har sunana ya fito a makarantar kwana ta 'yan mata, Innata har ta fara tara min kwanuka da zannuwa, sai Baffanmu yayan mahaifina yace shi a gidansu ba a kai 'ya mace ta kwana a wani waje da sunan boko, mahaifina kuma baya tsallake maganar yayansa. Haka maganar ta mutu, naci gaba da Islamiyya har aka min aure a 2004. Bana zagin kowa, duk sun rigamu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, abin da suka sani kenan a lokacin. Amma wallahi har yau in naga 'yan mata da farin hijabi da sandal sun jeru suna tafiya makaranta sai naji wani abu ya tsaya min a ƙirji, kuma tun ina goyon 'yata Mami na ƙudurta a raina in dai ina numfashi wannan yarinyar sai ta yi karatun da ban samu ba.

JSS ɗinta ta jeka-ka-dawo tayi a nan kusa da unguwarmu, kuma Alhamdulillah kanta na ja, bata wuce ta ɗaya zuwa ta uku a aji. Suna cikin karatu korona ta shigo a 2020 aka rufe makarantu wata da watanni, kalandar karatu duk ta hargitse, amma duk da haka da aka zo jarrabawar shiga makarantun kimiyya malaminsu na lissafi ya aiko har gida yace dan Allah a barta ta zauna. Duk ɗan Kano yasan darajar makarantun nan, tun 1977 da aka buɗe na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ake yaye yaran da suka zama likitoci da injiniyoyi, daga baya aka buɗe na mata, kuma sai yaro ya gama JSS3 yake zana jarrabawar, in yaci ya shiga daga SS1. Ta zauna, taci, aka turata wata makarantar kwana a wajen birnin Kano, ba zan kama sunanta ba.

To a nan fa aka fara. Ku tuna lokacin, watan Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara maza sama da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara, watan Fabrairu 2021 aka shiga Kagara, a cikin watan dai aka kwashe 'yan mata kusan 300 a Jangebe, har gwamnatin Kano ma sai da ta rufe wasu makarantun kwana na wajen gari na wani lokaci. Duk wanda ya shigo gidanmu da abin da zai faɗa, wannan yace ku da hankalinku zaku kai budurwa daji, waccan tace ai ta isa aure meye na wahalar da ita, wata ma cewa tayi 'yan makarantar kwana duk lalacewa suke. Ni kaina tsoron nake ji, ba zan ɓoye ba, akwai daren da na kasa bacci ina ta juyi ina tuna hotunan iyayen Jangebe a tsaye bakin makaranta. Abin da nayi shine na roƙi Abbansu nace kafin mu yanke komai mu je mu ga wajen da idonmu. Ya bar teburinsa a hannun yaro muka hau mota muka je. Muka zaga muka ga katangar, muka ga inda masu gadi suke zama, muka tambayi nisan ofishin 'yan sanda, muka ga makarantar a jikin gari take ba can cikin daji ba, muka shiga hostel muka ga rijiyar burtsatse da banɗakuna, muka gaisa da metiron mai kula da ɗakunan kwanan yaran, wata dattijuwa mai fara'a, na karɓi lambarta a take. A hanyar dawowa Abbansu yace to mu yi istihara, muka yi, hankalinmu ya kwanta. Wadda ta rufe bakin kowa kuwa surukata ce Hajiya, wadda Mami taci sunanta, tace takwarata zata je karatu, wanda ya ga ba daidai ba ya riƙe tasa 'yar. Daga ranar ban ƙara jin ko tari ba.

Sayayya kam adashena na ɗauka gaba ɗaya na zuba. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, katifa 'yar makaranta, gidan sauro, bokiti biyu, tocila, tsintsiya, fatanya, sabulu da omo, farar safa, sandal, plet da kofi da cokali. Yadin yunifom da na kayan hostel Abbansu ya kawo daga Kwari ni na ɗinka da kaina, na saki ƙasan sosai saboda nasan shekarun tsawo take, kuma duk wani abu nata har ɗan kamfai sai da na ɗinke harafin sunanta da jan zare a ciki, bokiti da kofi kuma na rubuta da fenti, dan Allah iyaye kar ku raina wannan, kaya iri ɗaya ne da yara ɗaruruwa. Kayan ci muka je kasuwar Singa muka sayo sukari da madara da biskit, a gida kuma na soya mata cincin, na daka yaji da ƙuli, na auno garin kwaki, Hajiya ta aiko da ƙanzo da soyayyen mai a gora. Duk wannan kowace uwa tana yi daidai ƙarfinta, kuma shine mai sauƙin, in da kuɗi a rana ɗaya an gama.

Mai wuyar a wajena daban ne. Mami 'yar fari ce, kuma sunan surukata gareta, kunga abu biyu kenan. Bana kama sunanta, Mamin ma da kowa ke faɗa ni a gaban mutane sai dai nace ke, ko yarinyar nan. Da aka yayeta wajen Hajiya aka kaita ta daɗe, da ta dawo ma tsakanina da ita aike ne da ɗauko min kaza, ƙannenta su hau cinyata su yi ta surutu ita tana gefe. Haka muka taso, Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba, kuma ba ƙi bane, kara ce, kowa yasan ɗan fari yana can cikin zuciya. Amma lokacin da Mami ta fara al'ada tana JSS3 ƙanwata ta samu ta faɗawa, ni a bakin ƙanwar tawa naji daga baya. Da tafiyar ta matso sai na zauna nayi tunani, yarinyar da muna gida ɗaya bata iya faɗa min jini yazo mata ba, in tana can wata ƙaramar hukuma wani abu ya sameta wa zata faɗawa? Ƙanwata tana gidan mijinta da nata yaran. Hajiya ta tsufa. Nace kunyar nan tana da wajenta, a gaban dangi zan ci gaba da yinta, amma tsakanina da 'yata a ɗaki dole na ajiyeta.

Daren da zata tafi nace zo na miki kitso. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna ta bani baya, kuma a nan na gane bakina yafi buɗewa in bata kallona nima bana kallonta. Ina tsaga ina magana, na mata bayanin wankan tsarki dalla dalla duk da nasan an koya musu a Islamiyya, yadda zata lissafa kwanakinta, yadda zata naɗe audugar mata ta yar inda ya dace, kar ta yi aron reza ko allurar kitso, in azumi ya sameta a can ta rubuta wanda ta sha dan ta rama. Nace duk wanda ya taɓa jikinki ta inda bai dace ba, namiji ne ko mace, malami ne ko ɗaliba, babba ko yaro, ki faɗa min, wallahi ba zan dakeki ba kuma ba zan ce ke kika ja ba. Ita dai to Umma kawai take cewa, amma naji wuyanta ya saki a hannuna.

Muka kaita, aka duba kaya a bakin get aka bata ɗaki, muka juyo. Ba a barinsu da waya, sai dai ranar Asabar ko Lahadi na kira metiron ta haɗamu, nakan ɗan tura mata kati saboda hidimar da take yi. Kullum maganar ɗaya ce, lafiya lau Umma, karatu lafiya, abinci lafiya, a gaida su Abba. Abbansu yace kinga Mamana jaruma ce ta saba. Ni kuwa hankalina bai kwanta da lafiya lau ɗin nan ba, ta yi gajarta da yawa, kuma nasan a tsaye take a gaban metiron da layin yara a bayanta kowa na jiran waya, me zata iya faɗa a haka.

Ranar biziting ta farko, wato ranar da iyaye ke kai ziyara, sanyi ya fara shigowa. Tun asuba na tashi nayi shinkafa da miya da ɗan naman kaza, na haɗa zoɓo, muka tafi da ƙannenta. Filin makarantar cike da iyaye kowa ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya. Da ta taho sai da na kalleta sau biyu, yunifom ɗin da na ɗinka daidai jikinta yana mata yawo, leɓenta ya bushe, ta durƙusa ta gaishemu tana murmushi tace lafiya lau. Na zuba mata abinci, tana miƙo hannu naga bayan hannun duk ya farfashe, tsakanin yatsun har da jini jini, ga kaushi a dunduniya yarinyar da ko a gida bata da shi. Ban ce komai ba a gaban Abbanta. Da ta gama ci nace cire hijabin naga kan, kitson da na mata a gida ne har lokacin duk ya tsufa ya cukurkuɗe. Na cewa Abbansu ya ja yaran su zaga, na fito da kibiya da man kitso daga jaka, dama da niyya na taho dasu, ta zauna ta bani baya.

Na tsefe rabin kai bata ce uffan ba, nima ban tambayeta karatu ba, labarin unguwa kawai nake bata, wance ta haihu, akuyar Hajiya ta shiga gidan maƙota ta cinye musu dusa. Can sai naji ɗumi a gwiwata, hawaye ne ke sauka ta gefen fuskarta. Nace ina jinki, hannuna bai tsaya ba. Shine ta fara, a hankali, wata siniya 'yar SS3 a ɗakinsu ta ɗauketa wai 'yar ɗakinta ce, ita ke mata wanki har na ƙawayenta, ita ke ɗebo mata ruwan wanka tun kafin kiran assalatu a cikin sanyin nan, bokitinta ɗaya ta karɓe, madara da sukari tun satin farko suka koma akwatin siniyar, in ta makara a ɗebo ruwa kuma a sata kamun kunne ko tsallen kwaɗo. Saboda haka bata samun bacci, a firef, wato karatun dare, gyangyaɗi take, a aji ma haka. Gashi malamin fizis turanci zalla yake yi da sauri, ba kamar makarantarsu ta da ba inda malami zai juya ya maimaita da Hausa, an yi gwaji ta samu abin da bata taɓa samu ba a rayuwarta. Tace Umma ashe ni daƙiƙiya ce ban sani ba. Nace to me ya hana ki faɗa min a waya? Tace na ga adashenki kika kwashe gaba ɗaya, kuma mutane sun ce kar a kawoni, in nace zan dawo dariya zasu miki.

Wallahi 'yan uwa maganar nan har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Yarinya 'yar shekara sha huɗu tana ɗauke da kuɗin adashena da surutun dangi a kanta, ga wankin wasu, ga fizis, kuma duk Asabar tace min lafiya lau. Nace mata kuɗi nawa ne ba naki ba, Allah ne ya bani kuma zai ƙara bani, bakin mutane kuma ni zan ji dashi. Nace in kin ga ba zaki iya ba yau ɗin nan zamu naɗe katifarki mu tafi na nema miki ta jeka-ka-dawo kuma ba abin da zai ragu a tsakanina dake, in kuma kina so ki zauna ki bani dama na gyara abin da zan iya gyarawa. Ta yi shiru har na kusa gama kitson, sannan tace zata zauna.

Raina ya so na tashi na nemo siniyar nan a cikin taro, amma nasan in na yi haka na hau mota na tafi gida, Mami ce zata kwana da su, kuma sunan mai kai ƙara zai bita har ta gama. Sai na samu metiron ita kaɗai a ɗakinta na gaisheta da mutunci, na nuna mata hannun yarinyar, nace Baba ban zo ƙarar kowa ba, alfarma nake nema a canza mata ɗaki ba tare da an ce daga ina maganar ta fito ba. Matar nan Allah ya saka mata da alheri, tace ita ma bata son wannan ɗabi'ar amma yaran basa faɗa, cikin satin ta yi garambawul ta canzawa yara da yawa ɗaki lokaci ɗaya yadda ba wanda zai gane. Daga nan na nemi malamar ajinsu, na gabatar da kaina nace ni ce mahaifiyar wance, ban yi boko ba amma ina so na san halin da take ciki, muka yi musayar lamba, kuma tun daga lokacin kuɗin kashewar Mami a hannunta nake bari tana bata kaɗan kaɗan. Na kuma gano akwai wata 'yar SS2 'yar unguwar gaba da mu, da na dawo gida na nemi gidansu na je har ɗakin mahaifiyarta muka gaisa muka ƙulla zumunci, yarinyar ta riƙe Mami kamar ƙanwarta, ita ta nuna mata lokacin da layin ruwa yake raguwa da yadda ake jiƙa gari da ƙuli a ƙara in tuwon dainin bai isa ba.

Da aka yi hutun zangon farko ta kawo sakamako ta zo can wajen ta talatin da wani abu. Abbansu ya riƙe takardar ransa ya ɓaci, ya fara cewa yarinyar da take ta ɗaya, wasa ta je yi kenan. Na bari sai da dare bayan yara sun kwanta nace Malam ka tuna fa duk wadda ke ajin nan ita ma ta ɗaya ce ko ta biyu a makarantar da ta fito, an tsamo su ne daga ƙananan hukumomi 44 aka zuba a waje ɗaya, dole wata ta zo ta talatin. Na bashi labarin wankin da ɗiban ruwan, dama ban faɗa masa a can ba dan nasan zuciyarsa. Ya yi shiru ya daɗe. Da safe da kansa ya kirata yace Mamana kawo takardar nan mu duba tare, suka bi darasi ɗaya bayan ɗaya, sai gashi lissafi da bayoloji da addini duk ta yi ƙoƙari, fizis da kemistiri da turanci ne suka ja ta ƙasa. Kunga da lambar matsayi kawai muka kalla da mun yi mata faɗa a banza bamu san inda ciwon yake ba. Malamarsu ce ta fahimtar dani cewa abin da ake nema a ƙarshe kiredit biyar ne a WAEC ko NECO, dole da turanci da lissafi a ciki, mai son likitanci ko aikin jinya kuma sai ya haɗa da fizis da kemistiri da bayoloji, ba wanda zai tambayeka na nawa ka zo a SS1.

Akwai ɗan maƙotanmu da ke karatu a BUK, muka roƙeshi yana zuwa zaure da yamma lokacin hutu yana mata fizis da kemistiri yana fassara mata da Hausa har ta kama, ni kuma ina ɗinkawa mahaifiyarsa kaya a madadin kuɗin. Na rage mata aikin gida a hutun, wanke wanke da shara ƙannenta suka karɓa, ban yarda na ce tunda babbar ta dawo bari na huta ba. Muka sayi 'yar fitila mai sola saboda wuta sai a hankali. Wani lokacin in ina ɗinki sai nace zo ki karanta min abin da kika koya ki min bayani da Hausa, ni ba ganewa nake ba sosai, amma na lura in ta yi min bayanin ya fi zama a kanta, kuma a haka nima na san abin da ya sa ƙarfe ke tsatsa.

Wani abu da ya tsaya min a rai a ranakun biziting shine yaran da ba a zuwar musu. Zaka gansu sun yi wanka sun sa hijabi mai tsabta sun tsaya daga nesa kusa da get suna kallon duk motar da ta tsaya, har la'asar, sannan su juya hostel. Wasu iyayen nisa ne da rashin kuɗin mota, wannan Allah ya gani, amma wasu wallahi suna da hali, sai su bada saƙo a kawo, ko su turo direba da kula cike da abinci. Mami tace min a ranar da daddare kuka ake yi a ɗakuna. Akwai wata ƙawarta daga wani ƙauye mai nisa, marainiya ce, tun da na sani nake ƙara awo in zan dafa, mu zauna tabarma ɗaya, in na gama kan Mami na kama nata. Dan Allah in kana da yaro a makarantar kwana ka je, ko ƙosai ne ka riƙe a leda ka je, in uba ba zai samu ba uwa ta je, in ba hali a samu kawu ko gwaggo.

Kuma ba wai sauƙi abin yake mana ba. Farkon 2023 da aka yi wahalar takardun kuɗi sai da na rasa tsabar da zan biya mota, maƙociyata ce ta ranta min. Ana fita daga wannan aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya ninka, kayan masarufi suka bi. Daga nan na daina tafiya da ƙannenta, muka haɗa kai mu iyaye mata na ɓangarenmu a WhatsApp muna yin karo karo mu ɗauki bas ɗaya, wadda bata samu zuwa ba ta bada saƙonta kuma mu nemo 'yarta mu zauna da ita. Taron iyaye da malamai ma bana bari ya wuceni, ko ban yi magana ba ina jin abin da ake ciki, kuma malamai suna gane yaron da ake bibiya.

A SS2 ta dawo cikin goma na farko. Kitson nan kuwa ya zama al'adarmu, a nan nake jin komai, ƙawar da suka ɓata, malamar da take so, har wani yaro ɗan unguwa da ya fara aiko mata da wasiƙa ta hannun ƙaninta a lokacin hutu, da bakinta ta faɗa min, muka yi maganar cikin natsuwa na faɗawa Abbanta ya samu mahaifin yaron aka kashe maganar ba tare da tonon silili ba. Da ta ci jarrabawar kwalifayin da ake yi kafin gwamnatin jiha ta biyawa ɗalibi kuɗin NECO mun ji daɗi ƙwarai dan ya rage mana nauyi, WAEC kuma muka yi ta tari har muka biya. Akwai wanda ya bamu shawara mu cireta mu kaita irin makarantun da ake rubutawa yara amsa a allo, wai dan a tabbatar, Mami da kanta tace Abba in aka rubuta min wa zai rubuta min a jami'a, maganar bata ƙara tashi ba.

Ta gama a 2024 kuma Alhamdulillah ta haɗa kiredit ɗinta duka har da fizis ɗin da ya sata kuka, yanzu tana karatun aikin jinya. A gaban dangi har gobe bana kama sunanta, Hajiya ma tana min tsiya wai ta ga dai ana ƙus ƙus a ɗaki. Bana kuma ƙaninta ne zai shiga JSS1, ta jeka-ka-dawo ce, nasan tasa matsalar daban ce, kuɗin adaidaita sahu kullum, abokan hanya, gidan kallon ƙwallo da wayar da yake ta naci a saya masa. Shi ba kitso zan masa ba, shi yasa na cewa Abbansu wannan karon aikinsa ne, kuma ya amsa, sun fara fita masallacin asuba tare suna dawowa a ƙafa suna hira, yace ranar farko ma da kansa zai kaishi ya ga malamin ajin ya karɓi lambarsa kafin ya wuce kasuwa. Ku sa mu a addu'a dan Allah, Allah ya raya mana su baki ɗaya.